Yadda na gyara yankewar GPS a Strava lokacin gudu

Da zarar na kashe allon waya na jefa ta aljihu, sai Strava, manhajar da ke auna gudu, ta daina bin sawuna. Taswira ta ja miƙaƙƙen layi, kilomita 5 ta koma 3. Na goge manhajar na sake saukewa, na canza layin data, duk a banza.

Ashe tsarin tattalin batir ne ke kwantar da manhajar idan allo ya mutu. A Android na shiga Settings, Apps, Strava, Battery, na zaɓi Unrestricted. Na kashe Battery Saver, na tabbatar Precise location a kunne yake. Sannan kafin in danna Start, nakan tsaya a fili, nesa da gini, har GPS ya kama.

Alhamdulillahi, fita uku ke nan bai yanke ba.