Kurakuran da aka fi yi wajen duba faifan kulocin tsohuwar mota

Wanda ya sayi tsohuwar Volkswagen Beetle, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Ojo da ke Legas tun 1975, da niyyar farfaɗo da ita, ba zai rasa mai ce masa a garejin Agege, "Alhaji, taka kulocin kawai ka ji," ba. Ƙafa ba ta isa shaida ba, domin kulocin Beetle da waya yake aiki, kuma idan an ɗaure wayar har feda ta rasa sakin milimita 10 zuwa 20 da ya kamata ta samu, lafiyayyen faifai ma zai riƙa sulɓewa. A daidaita wayar tukuna kafin a sauke inji.

Bayan an fito da faifan, mutane da yawa kaurinsa kawai suke kallo da ido. Abin da ake aunawa shi ne zurfin kawunan ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe fatar da ke manne a fuskar faifan, daga saman fatar, a wurare da dama kuma ta fuska biyu, saboda faifai yakan ci ta gefe ɗaya. Littattafan motoci da yawa sun tsayar da iyaka a milimita 0.3, amma a motar da sai an sauke inji ake kai wa ga kulocinta, ban ga hikimar mayar da faifan da ya kusa wannan iyaka ba.

Babban kuskure a Legas shi ne yarda da faifai don yana da kauri. Motar da ta shekara goma a ajiye cikin danshin garin nan, tsatsa takan manne faifanta da fulawil, wato ƙarfen da ke juyawa a bayan inji wanda faifan ke kamawa, kuma a tsohon faifai sifirin ɗin tsakiya kan saki har ka ji suna ƙara idan ka girgiza shi. Idan kuma fatar ta yi baƙi tana maiƙo a yatsa, galibi baƙin mai ne ya yi yoyo daga sil ɗin bayan fulawil, wato robar da ke tare mai, kuma wanke ta da fetur ba ya magani, domin man yakan sake tsattsafowa da zarar ta ɗauki zafi a cunkoson Oshodi. A canja faifan da sil ɗin tare.

Kada a hure ƙurar da iskar kwamfuresa, domin tsofaffin faifai na ɗauke da asbesto mai lahanta huhu. Jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar.

In za a je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, a tafi da tsohon faifan a hannu, tunda na Beetle akwai mai faɗin milimita 180 akwai mai 200.