Kurakuran da Muke Yi a Bikin Karatu, da Waɗanda Muke Yi Tun Kafin Ranar ta Zo

Shekarar da hedimasta ya fara ɗora min shirya bikin karatu a firamaren ƙauyenmu, mako uku na yi ina horar da yara shida. Daga layin gaba na tsamo su, na ba kowa shafi guda, kullum lokacin tara mu keɓe a gindin darbejiya su yi ta bita. Ranar biki aka kafa rumfa, aka yi hayar lasifika, dagaci ya zo da jama'arsa. Yarinya ta uku ta fito ta zuba karatu kamar ruwa, wuri ya ɗauki tafi. Sai wani dattijo cikin 'yan kwamitin makaranta, tsohon malamin gona, ya ce, "Malam, a buɗe mata shafi na gaba mana, mu ƙara ji." Aka buɗe. Yarinya ta tsaya tana kallona, ni ina kallon ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba laifinta ba ne, nawa ne, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa a makarantunmu na karkarar Kano da Jigawa: muna ɗaukar hadda a matsayin karatu. Yaranmu sun taso a makarantar allo, kunnensu na da kaifi, abin da suka ji sau uku ya zauna. Baiwa ce, kuma a muhallinta ita ake nema. Amma abin da firamare ta yi wa iyaye alkawari shi ne yaro ya ga rubutun da bai taɓa gani ba ya warware shi. Gyaran ba ya cin ko sisi. Daren biki ka rubuta gajerun labarai, jimla huɗu ko biyar, kowanne a 'yar takardarsa, ka nannaɗe ka zuba a ƙwarya. Yaro ya sa hannu ya ɗauki rabonsa. In ya gama, a yi masa tambaya ɗaya tak a kan abin da ya karanta: wa ya sayar da akuyar, me ya sa? Za a yi ta tuntuɓe, tafi zai ragu. Amma abin da iyaye suka ji a ranar na gaskiya ne.

Ita wannan haddar a aji muke shuka ta, kowace safiya. Malam ya rubuta layi a allo, ya ɗaga sanda ya faɗa, yara tamanin su amsa da murya ɗaya har makwabta su ji. Daga waje sai ka rantse ana karatu. Shiga ka duba idanun 'yan layin baya, rabinsu taga suke kallo, baki ne kawai ke aiki. Amshi ba haramun ba ne, amma kada ya wuce zagaye biyu. Daga nan ka fara nuni daga ƙarshen layi zuwa farko, ka tsallake kalma, ka dawo, ka kira yaro da sunansa, ka fara da wanda ya fi kowa laɓewa.

Akwai wani kuskuren da mu malamai ba mu cika yarda namu ba ne. Muna koya wa 'yan aji ɗaya sunayen haruffa da Turanci, ei, bi, si, di, sannan mu miƙa musu littafin Hausa. Yaron da aka gaya wa sunan harafin c "si" ne, ya za a yi ya karanta ciki ko cokali? Hausa ta yi mana rangwame, yadda ake faɗa kusan haka ake rubutawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. A koyar da sautin baƙi, a haɗa shi da wasali a sami gaɓa, ba, be, bi, bo, bu, a haɗa gaɓa biyu a sami kalma. Masu zuwa bibbiyu irin su sh, ts, ky da gw a koyar da su a matsayin sauti guda. Sai kuma ƙugiya. Sau nawa na shiga aji na tarar malam ya rubuta baki yana nufin baƙi, kafa yana nufin ƙafa, fada yana nufin faɗa! Shi ya san abin da yake nufi, yaron da ke lalube bai sani ba. Wayar hannu ce ta ƙara ɓata mana hannu, amma alli ai ba shi da wannan uzurin. A ware rana ɗaya a mako a yi shifta ta kalma biyar masu ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Kafin a fara, a ɗan motsa baki da wasan karya harshen nan na kwaɗo da ƙato da suka je ƙoto, sannan a rubuta shi a allo su gani da idonsu inda k ta rabu da ƙ. Ba na jin akwai darasin da yara ke so kamarsa.

Zaɓen rana ma muna tuntuɓe a kansa. Takarda kan zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a makare, sai a yi ta gaggawa don a dace da ranar da duniya ke yi. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware 8 ga Satumba don yaƙi da jahilci, an fara bikinta a 1967. Ta ware 23 ga Afrilu don littafi tun 1995, da 21 ga Fabrairu don harshen uwa, wadda aka fara a 2000. Ranar Hausa kuma 26 ga Agusta ce. To duba su da idon ɗan ƙauye. Ƙarshen Agusta ana tsakiyar dogon hutu. Farkon Satumba ko dai ba a koma ba, ko an koma rajista ba ta daidaita ba, damina ba ta ɗauke ba, a yankin Haɗeja da Auyo da Ringim kuwa wata shekarar ambaliya ta raba wasu ƙauyukan da hanya. Afrilu zafi ne mai gasa ƙeya, kuma sau da yawa ta faɗa hutun zango na biyu. A ganina ta Fabrairu ta fi dacewa da mu: an gama girbi, sanyi ya fara sauƙi, yara sun yi wata biyar a aji. Sai dai a duba azumi, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. In ranar ba ta yi muku ba, ku matsar da ita. Ba wanda zai zo daga hedikwatar UNESCO a Faris ya tuhume ku.

Haka nan sa'ar karatu ta mako. Yawanci a darasin ƙarshe na Juma'a ake jefa ta, lokacin da hankalin kowa ya tafi masallaci. Ko a sa ta ranar kasuwa. Duk wanda ya koyar kusa da Maigatari ya san yadda aji ke zama ranar Alhamis, na kusa da Wudil ya san Juma'a: 'yan mata sun tafi talla, maza sun kora dabbobi. A mai da ita safiyar Talata ko Laraba, a kuma riƙe ta kamar farilla, ko da minti talatin ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin wannan sa'ar kada a bar kowa a ajinsa. Ɗan aji biyar da bai san gaɓa ba ba zai amfana da littafin aji biyar ba, ko shekara zai yi yana riƙe da shi. Akwai tsarin da ƙungiyar Pratham ta fito da shi a Indiya, wanda ya yi mini amfani ƙwarai: a gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su gwargwadon inda suka tsaya, masu harafi, masu kalma, masu sakin layi, masu labari. Gwajin yaro guda bai fi minti biyu ba. Bayan wata a sake gwadawa, wanda ya matsa ya sauya rukuni. Sai dai a yi hattara da baki. Rukuni na farko ba "ajin daƙiƙai" ba ne, kuma yaron da aka yi wa dariya ko bulala don ya yi tuntuɓe a gaban jama'a, ka yi sallama da muryarsa har ƙarshen zango. 'Ya'yan Fulani da ke zuwa daga ruga su ma a lura da su. Wani shirunsa ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, Hausar ce ba ta gama zama a bakinsa ba.

Littattafai fa? Je ka ofishin hedimasta ka duba bayan ƙofa. Sau da yawa suna nan cikin kwali, ko ledarsu ba a cire ba, ana tsoron kada yara su yaga ranar da sufeto zai zo ƙirga. Gara kuwa ba ta tsoron sufeto. A fito da su, kowane aji ya sami akwatinsa, monita ya riƙe littafin aro. Inda babu su sam, a tura yara su karɓo tatsuniya wajen kakanninsu, malam ya taƙaita ta, 'yan aji shida masu kyan hannu su kwafe a bayan kwalin taliya. Gizo da Ƙoƙi ba sa buƙatar gabatarwa.

Ranar bikin kanta, abin da ke cinye ta jawabi ne. Shugaban kwamiti, wakilin sakataren ilimi, kansila, kowa "ba zan tsawaita ba", yara na zaune a rana tun hantsi. A sa karatun yara a farko, manya su yi magana daga baya. Kuɗin lemon manyan baƙi a sayi fensir da littafin rubutu da shi. Kyauta kuma kada ta tsaya ga na ɗaya. A kira wanda ya tashi daga harafi ya kai kalma, a ambaci sunan mahaifinsa a lasifika. Iyaye mata, waɗanda da yawansu ba za su zauna a taron maza ba, a ware musu aji guda da malama, ko a ba kowane yaro takardar da ya karanta ya kai gida ya karanta wa uwarsa.

A ba baƙi dama su ma su kawo nasu rubutun. Shekara ta gaba dattijon nan ya dawo da wasiƙar ɗansa a aljihu, ya miƙa wa wani yaro ɗan aji huɗu. Yaron ya tsaya sau uku, ya koma baya sau ɗaya a kan kalmar da ba a sa wa ƙugiya ba, ya kai ƙarshe. Dattijo ya karɓi takardarsa ya ninke, ya juya wajen dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, haka aka rubuta."