Idan ɓarin fuskarka ya sage kuma an rasa dalili

Wajen alwalar Asuba na fara ganewa. Na ɗebi ruwan buta na watsa a fuska, kuncin dama ya ji sanyin ruwan, na hagu kuwa sai ka ce ta bayan ƙyalle nake shafa shi. Daga gefen hanci zuwa leɓen sama akwai wani yam-yam kamar tururuwa na yawo. Ni tela ne, kuma na daɗe ina shan maganin ciwon suga. Yanzu shekara biyu ke nan ina tare da wannan abu, ya ragu amma bai tafi ba. Abin da na koya a kai shi zan faɗa, a jere yadda na so a ce wani ya faɗa mini tun ranar farko.

Kafin komai, je gaban madubi. Yi murmushi har haƙora su fito, ɗaga gira, runtse ido da ƙarfi, cika kumatu da iska. Miƙa hannuwa biyu gaba ka ga ko ɗaya zai riƙa sauka da kansa. Faɗi wata magana wani ya saurara. Idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun yi nauyi, ko harshe yana harɗewa, ko gani ya rikice, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko farat ɗaya, to ajiye wannan rubutu a kai ka asibiti yanzu. Shanyewar ɓarin jiki kan fara haka, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe hanya cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Ko da alamun sun wuce bayan minti goma, a je, domin sau da yawa gargaɗi ne. Akwai kuma karkacewar baki da mutanenmu ke cewa marin aljani, wadda likitoci suka laƙaba wa sunan Charles Bell, likitan Sikotlan da ya yi bayanin jijiyar da ke motsa fuska a 1821. A ita ko goshin ma ba ya tattarewa, ido ba ya rufuwa sosai. Yawanci tana warkewa, amma maganinta ya fi aiki idan an fara cikin kwana uku. Bambance waɗannan biyun aikin likita ne, kada a zauna a gida ana gardama.

Ni fuskata tana motsi lafiya lau, ji ne kawai ya ragu. Likitan da na gani ya zana mini a bayan kati cewa jijiyar da ke kawo ji a fuska daban take da mai motsa ta, kuma reshe uku gare ta a kowane ɓari: ɗaya na goshi da ido, ɗaya na kunci da leɓen sama, ɗaya na muƙamuƙi da haɓa. Ya ce, "Malam, nuna mini iyakar wurin da yatsa." Na kasa, sai kame-kame nake. To kai kada ka je haka. Samu ɗan auduga ka riƙa shafawa a hankali daga inda ji yake lafiya zuwa inda ya dushe, ka gwada da ɗaya ɓarin, ka san kan iyakar. Ni a littafin da nake rubuta awon masu ɗinki na ware shafuka na baya. Kullum nakan rubuta lokacin da ya taso, tsawon da ya ɗauka, abin da nake yi, ko na yi barci sosai, da awon suga na ranar. Wannan littafi ya fi duk bayanin bakina amfani a zuwa na biyu.

Ka tafi da duk magungunan da kake sha a leda, har da na kemis da na gargajiya. A nan aka kama bakin zaren nawa. Metformin, wato maganin sugan da nake sha, idan an daɗe ana shan sa, yana hana jiki tsotsar bitamin B12, kuma ƙarancinsa yana taɓa jijiyoyi. Da aka auna jinina aka samu ya yi ƙasa, aka sa ni a allura, aka ce in riƙa cin hanta da kifi da ƙwai da nono. Ba a ce in daina metformin ba, kai ma kada ka daina naka da kanka. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid shi ma yana kawo sagewa, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Shi kansa sugan idan ya daɗe a sama yana cin jijiya, ko da yake ya fi farawa daga yatsun ƙafa.

Sauran abubuwan da aka bincika a kaina da yawa. Haƙori: ruɓaɓɓen turmi, ko cirewar da ta taɓa jijiyar ƙasa, kan sage leɓe da haɓa. Ƙarancin sinadarin kalsiyam yana sa yam-yam a kewayen baki. Ciwon kai na ɓari ɗaya kan aiko da sagewa kafin ya iso, ta yi ƙasa da awa ɗaya ta wuce. Ƙwayar cutar ƙarambau da aka yi tun ƙuruciya tana kwanciya a jijiya, wata rana ta farka da zogi da ƙaiƙayi a ɓari ɗaya, bayan 'yan kwanaki ƙuraje su feso. Idan kusa da ido ne ba a jira. Abu biyu kuma sun shafe mu nan ƙasar sosai. Mai sikila da haɓarsa ko leɓensa na ƙasa ya sage ya faɗa wa likitansa da wuri. Haka kuma tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi yana iya zama farkon kuturta, kuma maganinta kyauta ake bayarwa, ana warkewa. Sagewar haɓa ga kowa ma, in ba daga haƙori ba ce, likitoci ba sa wasa da ita. Daga ƙarshe aka tura ni hoton MRI don a duba ƙwaƙwalwa da hanyar jijiyar, ko akwai ƙari ko wani ciwo. Kuɗin ya girgiza ni, sai da na karɓi adashi. Hoton ya fito ba komai.

Akwai wanda na ƙi yarda da shi da farko, wato fargaba. Littafina ne ya tona ni. Satin ƙarshe na azumi, ɗinkin Sallah ya taru, ba wuta, masu kaya suna kira, a nan abin ya fi tsananta har yatsu su ɗauka. Mai fargaba yana numfashi da sauri bai sani ba, wannan kuwa yana sauya jini har leɓe da yatsu su yi yam-yam. Yanzu in na ji ya taso nakan ɗauke ƙafa daga keke, in ja numfashi ta hanci a hankali, in sake shi a hankali fiye da haka, na 'yan mintuna. Wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya ƙi. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne, kada ka bari a ce maka tunani ne kawai kafin a auna jininka.

Sai zaman yau da kullum. Fatar da ba ta ji ba ta kare kanta. Na taɓa ƙona leɓe da shayi ban sani ba sai da maiɗakina ta ga ƙurjin, don haka yanzu da ɓarin dama nake fara kurɓa. Ina tauna a hankali saboda cizon cikin kunci, kuma na gaya wa mai askina ya sassauta reza a hagu. Hajiyarmu ta kawo man zafi, wani abokina ya ce a yi ƙaho. Addu'a da tofi na karɓa hannu biyu, amma tsaga ko abu mai zafi a fatar da ba ta jin ciwo, ga kuma suga, na ba su haƙuri. Lokacin hunturu nakan naɗe fuska da mayafi in zan hau babur, domin iskar tana tayar mini da shi.

Na kuma daina taɓa wurin kowane minti, abin da na lura yana ƙara sa hankalina a kai. Gwajin auduga sau ɗaya a mako ya isa, ni ranar Juma'a nake yi bayan aski. Likita ya ce in koma ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba idan wurin ya faɗaɗa, ko ya tsallaka ɗaya ɓarin, ko ya zo da rauni, jiri, gani biyu-biyu, raguwar ji a kunne ko wahalar haɗiya. Na rubuta waɗannan a bangon littafin, na kuma karanta wa maiɗakina da babban yaron shagona, tunda su ne za su riga ni ganin bakina idan ya karkace.