Yadda Nake Ciyar da Bakteriyar da Ke Ƙarfafa Karan Masara

Wata iska a watan Agusta ta taɓa kwantar mini da rabin gonar masarata a wajen Shika. Takin yuriya na zuba ba ƙaƙƙautawa, ganye ya yi kore shar, amma kara ba ƙwari, kana matsa shi da yatsa yana lotsawa. Tun daga nan na kama zancen silikon da gaske.

Silikon shi ne sinadarin da ke cikin yashi, shi ke sa gefen ganyen masara kaifi har ya yanki hannu, yana kuma ƙara wa kara ƙwari. Ƙasarmu cike take da shi, sai dai a daskare, saiwa ba ta iya sha sai ya narke. Akwai bakteriyar ƙasa, irin dangin Bacillus, masu fitar da ruwa mai tsami da ke cin ƙwayar yashi da dutse a hankali har silikon ya sako. Su nake ciyarwa.

Da rani nake farawa. Ina zuwa injin casar shinkafa in ɗebo buntu, don silikon ɗinsa yawa gare shi. Ka tara shi, ka sa wuta ta ci a hankali, da ya yi baƙi kamar gawayi ka yayyafa ruwa ka kashe. Kada ka bari wuta ta yi tsanani, tokar da ta sha wuta sosai wuyar narkewa gare ta. Sai ka cakuɗa da kashin shanu da yankakken karan masarar bara, ka rufe a inuwa, kana juyawa kana jiƙawa. Damshin da nake so shi ne in dunƙule shi a hannu ya tsaya, ruwa bai ɗiga ba. Ka watsa a gona kafin huɗa, kunya ta binne shi.

Don Allah, 'yan'uwa manoma, a daina cinna wa kara wuta bayan girbi. Abincin waɗannan halittu ake ƙonawa.

In ka sayi garin bakteriyar na leda, ka duba ranar lalacewarsa, ka ajiye nesa da rana. Ka jiƙa iri da ɗan ruwan ƙaro, ka barbaɗa garin a inuwa, ka shuka ranar. Taki na zamani kuma ban daina ba, yuriyar ce nake rabawa kashi biyu. Saboda tsutsar masarar nan da ta shigo mana a 2016, har yanzu nakan leƙa cikin kan kowace shuka da sassafe, don ƙarfin kara rage ɓarnarta yake yi, ba ya korar ta.