Yadda Za Ka Fita da Jirgin Ruwa Mai Inji Kai Kaɗai Ka Dawo Lafiya

Idan kun fita ku biyu ko uku, kuskuren mutum ɗaya yana da mai gyara shi. Wani ya faɗa ruwa, ɗan'uwansa zai juyo da jirgin ya tsamo shi. Inji ya mutu, ɗaya na duba fulogi ɗaya na kallon inda iska ke kai su. Amma ranar da ka fita kai kaɗai, kai ne matuƙi, kai ne mai tsaro, kai ne kuma mai ceto. Shi ya sa duk shirin da zan lissafa ya ginu a kan tambaya guda: in ka tsinci kanka a cikin ruwa, jirgin kuma ya rabu da kai, me ya rage a jikinka? Abin da ka bari a akwatin jirgi, komai tsadarsa, ba zai amfane ka a wannan lokacin ba.

Mataki na farko: ka bar labarinka a tudu

Tun kana gida, ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali, wanda ba ya wasa da lokaci. Rubuta masa inda za ka sauke jirgin, hanyar da za ka bi, inda za ka tsaya, launin jirgin da tsawonsa da lambarsa, da lokacin da kake sa ran dawowa. Sai ka ƙara masa abu biyu da mutane ke yawan mantawa: ƙarfe nawa ne zai daina jira, da lambar hukumar da zai kira idan lokacin ya yi bai ji ka ba. "Zan dawo da yamma" ba bayani ba ne. "In ƙarfe 6 ta yi ban kira ka ba, ka kira wannan lambar" shi ne bayani. In ka sauya hanya kana kan ruwa, ka sanar da shi nan take, don kada masu ceto su ɓata sa'o'i suna nemanka a inda ba ka je ba.

Mataki na biyu: yanayi

Duba hasashen yanayi na kan ruwa, ba na cikin gari ba, ka sake dubawa da safen tafiyar. Ƙarfin iska da inda take bugowa su ne abin lura. Iskar da ke tasowa daga gaɓa tana yaudara: ruwan bakin gaɓa kwance yake lumui, sai ka yi nisa ka tarar da taguwa ta miƙe, in kuma inji ya mutu iskar za ta ƙara tura ka ciki ne. A teku ka san lokacin cikowa da janyewar ruwa, domin idan iska ta yi gaba da gaba da igiyar ruwa, taguwar takan zama gajera mai tsini, mai wuyar ratsawa ga ƙaramin jirgi. Tun kafin ka fita ka yanke wa kanka iyakar iskar da ba za ka wuce ba, kuma iyakar ta zama ƙasa da wadda kake yarda da ita in kana da abokin tafiya. In zuciyarka ta yi maka nauyi a bakin kwata, ka koma gida. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mataki na uku: jirgi da mai

Duba toshiyar da ke ƙasan bayan jirgi, wadda ake cirewa don zubar da ruwa. Jirage da yawa sun cika da ruwa a bakin gaɓa don an manta an mayar da ita. Duba batir, man inji, sitiyari, fitilu, da famfon kwashe ruwa, ka kuma ajiye bokiti ko da famfon na aiki. Da ka tayar da injin da ake ratayawa a baya, ka tabbata siririn ruwan nan da yake tsartuwa yana fita. In bai fita ba, injin ba ya samun sanyi, kashe shi. Idan injin fetur ne na cikin jirgi, tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa, don haka a kunna fankar fitar da tururi na aƙalla minti huɗu kafin a murɗa makulli.

Mai kuwa a kasa shi uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya kuma ba a taɓa shi. Dawowa cikin iska da taguwa tana shan mai fiye da tafiyar safe cikin kwanciyar ruwa, kuma ma'aunin mai na ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne sosai. Ka ɗauki anga da isasshiyar igiya, filafili, wuƙa, abin kashe gobara, kayan agajin gaggawa, ruwan sha, da 'yan kayan gyara.

Mataki na huɗu: abin da za ka ɗaura a jikinka

A nan zan daɗe, don a nan ne ake rayuwa ko a rasa rai.

Rigar ceto tukuna. A sa ta, a ɗaure ta, tun kafin a taka jirgin. Alƙaluman da rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka ke fitarwa duk shekara kusan abu ɗaya suke faɗa: kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka mutu a haɗarin jiragen shaƙatawa nutsewa suka yi, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka nutse ba sa sanye da rigar. Iya ninƙaya ba hujja ba ce. Wanda jirgi ya yar yana gudu yakan bugu a kai ko haƙarƙari, kuma sumamme ba ya iyo. Don haka ka nemi rigar da za ta juya fuskarka sama ko ba ka cikin hayyacinka. A ma'aunin Turai, mai ƙarfin ɗaga mutum a ruwa na niyuton 150 ake so ga wanda ke nisa da gaɓa. In mai hura kanta ce, duba ƙaramar tukunyar gas ɗinta ta ɗauru sosai kuma ba ta yi tsatsa ba. Maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu ma a ɗaure shi, in ba haka ba rigar za ta haye kanka ta bar bakinka a ruwa.

Sai igiyar kashe inji, jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke haɗa matuƙi da makunnin inji. Da zarar ka bar wurin tuƙi, ta fizge, inji ya mutu. A ganina babu wani kaya a jirgin da ya kai ta muhimmanci ga mai fita shi kaɗai. Ka lissafa da kanka: jirgin da ke gudun kilomita 37 a sa'a yana cin kusan mita goma a kowace daƙiƙa, alhali gwanayen ninƙaya na duniya ba sa wuce mita biyu da ɗan abu, su ma a tafkin gasa ba tare da tufafi masu nauyi ba. Ba za ka taɓa kamo shi ba. Mafi muni kuma, jirgin da aka sakar wa sitiyari sau da yawa ba ya miƙewa. Juyin farfela yakan karkatar da injin gefe ɗaya, jirgin ya riƙa zagayawa, yana dawowa kan wanda ya faɗa. A watan Mayun 2013, a Padstow da ke kudu maso yammacin Ingila, wani jirgi ya zubar da iyali mutum shida a ruwa lokacin da yake shan kwana, ya ci gaba da zagaye a kansu. Uba da 'yarsa suka rasu, wasu suka ji munanan raunuka. Masu bincike sun gano ba a ɗaura igiyar ba a lokacin. A Amurka, tun 1 ga Afrilun 2021 doka ta wajabta amfani da ita a akasarin jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu. Ɗaura ta a cinya ko a jikin rigar ceto, inda ba za ta zame ba. Kuma duk fita ka gwada ta: tayar da inji, fizge igiyar, ka ga ya mutu. Akwai irin da ba ta da igiya, wadda ake sa wa a aljihu ko a wuyan hannu, tana kashe inji in ka shiga ruwa ko ka yi nisa. Tana da amfani ga mai yawan zirga-zirga a cikin jirgi.

Na uku, abin kiran taimako, shi ma a jikinka. Oba-obar ruwa ta VHF wadda ruwa ba ya ɓata ta, a maƙale a rigar ceto. Tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya, kuma fifikonta a kan waya shi ne duk jirgin da ke kusa zai ji ka, ba mutum ɗaya ba. Sai dai ta hannu ba ta da nisan zango, musamman in kanka kawai ke saman ruwa. Shi ya sa mai yin nisa yake buƙatar ƙaramar na'urar PLB, wadda ke aika sigina a kan zangon rediyo na megahaz 406 zuwa taurarin ɗan'adam na tsarin Cospas-Sarsat, daga nan a sanar da masu ceto inda kake. A yi mata rajista da sunanka, a kuma duba ranar ƙarewar batirinta. Waya a saka ta a jakar da ruwa ba ya shiga. Usur da ƙaramar tocila su ma a rataye su a rigar.

Mataki na biyar: ka iya komawa cikin jirgin?

Mutane ƙalilan ne suke gwada wannan. Igiya ta kashe inji, jirgi ya tsaya, ka iyo ka taɓa shi, to ta ina za ka hau? Gefen jirgi yana da santsi da tsawo, jiƙaƙƙun tufafi suna da nauyi, hannu kuma ya gaji. Ka sa tsanin da za ka iya saukowa da shi kana cikin ruwa, ba wanda sai an hau sama ake kwance shi ba. Sannan wata rana, a ruwa marar zurfi, da wani a tsaye kusa, inji a kashe, ka shiga da tufafinka da rigarka ka gwada hawa. Abin da ka gani ranar shi zai gaya maka gaskiyar shirinka.

Mataki na shida: a kan ruwa

Yawancin masu faɗawa ruwa ba guguwa ce ke jefa su ba. Sun tashi ne su gyara igiya, ko su ɗauko wani abu, ko su yi fitsari a gefen jirgi, taguwa ɗaya ta zo. Duk abin da zai raba ka da sitiyari, sassauta totur, sa inji a furi, in za ka je kusa da farfela ka kashe shi gaba ɗaya. Hannu ɗaya kullum yana riƙe da jirgi. Ruwan sha, taswira da oba-oba su kasance inda hannunka zai kai kana zaune.

Rage gudu ƙasa da abin da ka saba. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ɗora wa kowane matuƙi sa ido da kunne a koyaushe da tafiya da gudun da zai iya tsayawa cikinsa, kai kuwa ido biyu kawai gare ka, don haka ka riƙa waiwayen baya da gefe. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi mai inji, kowa ya karkata dama. In jirgi na ratsowa daga damanka, kai ne mai ba da hanya. Da dare, jar fitila hagun jirgi ce, koriya damansa. Manyan jirage kuwa ka ba su fili, ba sa iya tsayawa da wuri, wani lokaci ma ba sa ganinka. Taguwar da wani jirgi ya bari, ka sassauta ka ratsa ta a karkace. Barasa da duk abin da ke sa maye ko barci ba su da wuri a jirgi; rana da ƙarar inji da girgiza kaɗai sun isa su dusashe hankalin mutum bayan 'yan sa'o'i.

Mataki na bakwai: in abu ya ɓaci

Inji ya mutu kuma ruwa na jan ka zuwa duwatsu ko hanyar manyan jirage: jefa anga tukuna, gyara daga baya. Daga goshin jirgi ake jefa ta, ba daga baya ba, don baya ya fi ƙasa kuma taguwa za ta iya cika jirgin ta nan. Saki igiya kamar ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwan. Sannan ka duba abubuwa masu sauƙi: igiyar kashe inji na zaune daidai? Inji na furi? Bututun mai bai cire ba?

Kira da wuri, tun batir da haske na nan. In matsala ce mai tsanani amma rai bai shiga haɗari ba, kalmar ita ce "Pan-Pan" sau uku a tasha ta 16. In rai na cikin haɗari, "Mayday" sau uku, sai sunan jirgi, inda kake, abin da ya faru, da cewa kai kaɗai ne.

In ka faɗa ruwa mai sanyi, daƙiƙun farko su ne mafi haɗari, domin jiki yana jan numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba. Gordon Giesbrecht, masani a Jami'ar Manitoba ta Kanada, ya taƙaita abin da lissafin 1-10-1: minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, kimanin minti goma da hannuwanka za su iya aiki sosai, da kusan sa'a ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai in kana da rigar ceto. Waɗannan minti goman ka kashe su a kan kunna PLB, kiran taimako da ƙoƙarin hawa jirgi. In jirgin ya kife, kada ka rabu da shi. Hau bayansa in za ka iya, don masu nema sun fi ganin jirgi a kan kan mutum, kuma gaɓa kullum ta fi nisa da yadda ido ke nunawa. In babu abin hawa, tattaro gwiwoyi zuwa ƙirji, rungume hannuwa, ka rage motsi.

Mataki na takwas: dawowa

Shirya igiyoyin ɗauri tun kana fili, inji a furi, kafin ka doshi kwata. Matso a hankali kana fuskantar iska ko igiyar ruwa, duk wanda ya fi ƙarfi, kuma kada ka yi tsalle zuwa tudu inji na cikin giya. Da ka ɗaure jirgin, kira mutumin da ka bar wa labarinka kafin komai, don kada ya tayar da masu ceto a banza. Sai ka duba man da ya rage ka kwatanta da nisan da ka yi, ka rubuta shi tare da duk abin da ya yi ƙara ko ya sassauce, a gyara kafin fita ta gaba.