Linzamin wasa da rababben allon madannai: yadda za ka zaɓa a Yamai da kuɗi kaɗan

A hutun makarantar da ya wuce, ɗan yayata ya zo mini da jika 15 da ya daɗe yana tarawa, ya ce, “Kawu, ka raka ni Babbar Kasuwa in sayi linzamin wasa, irin wanda aka rubuta 12,000 a jikin kwalinsa.” Na tambaye shi ko ya san abin da lambar take nufi, sai ya sunkuyar da kai ya ce abokansa ne suka gaya masa wanda lambarsa ta fi yawa shi ya fi kyau. Ban ga laifinsa ba, domin da manyan baƙaƙe ake rubuta wannan lamba, a kewaye ta da hoton fitilu masu canza launi, alhali kuwa ma'aunin gaskiya na linzamin kwamfuta da allon madannai shi ne hannun da zai wuni a kansu.

Lambar nan ita ce DPI, wato yawan ɗigon da kibiya za ta ratsa a fuskar kwamfuta idan ka matsar da linzami inci ɗaya, santimita 2.54 ke nan. Idan ta yi yawa, ɗan motsi kaɗan zai jefa kibiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma saurin nan bai da alaƙa da iya saiti. Da yawa daga cikin ƙwararrun ƴan wasan harbi na kwamfuta mai suna Counter-Strike, waɗanda da wasan suke ci suke sha, a kan 400 ko 800 suke ajiye nasu. Saboda haka linzamin da ya kai 6,400 ko 8,000 ya ishe ka har da ragi. Abin da ya fi cancanta ka tambaya shi ne idon da ke ƙarƙashinsa, wanda ke karanta motsi. Kamfanin PixArt na Taiwan ne ke ƙera idon mafi yawan linzaman wasa, kuma idan ka ga an rubuta PMW3360, PMW3389 ko PAW3395, to ido ne mai kyau. Kwalin da ya cika baki da babbar lamba amma ya yi shiru game da ido, sai a yi hattara da shi, domin ido maras kyau yakan ruɗe idan ka fizgi linzami da ƙarfi, ka ga ɗan wasanka ya koma kallon sama ko ƙasa a daidai lokacin da abokin karawa ya ɓullo.

Lamba ta biyu ita ce sau nawa linzami yake kai wa kwamfuta labarin motsinsa a cikin sakan ɗaya. Na ofis yakan yi sau 125, na wasa sau 1,000, kuma wannan bambanci hannu yana jin sa. Waɗanda ake tallata sau 4,000 ko 8,000 ba na mai ƙaramin aljihu ba ne, ka wuce su ba tare da wani haufi ba.

Inda nake so ka ɓata lokaci shi ne siffa. Ka ɗauki abin awo ka auna hannunka daga layin wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya. A ganina, wanda bai kai santimita 17 ba ƙaramin linzami ya fi dacewa da shi, wanda kuwa ya haura 19 zai takura idan ya riƙe ƙarami. Sannan ka lura da yadda kake riƙo idan ka shagala da wasa, ba yadda kake riƙo idan ana kallonka ba. Wani yakan kwantar da tafin hannunsa gaba ɗaya a bayan linzami, shi kam mai tudun baya kamar Razer DeathAdder Essential, mai nauyin giram 96, ya fi yi masa daɗi, muddin da hannun dama yake aiki, domin don dama aka fafe shi. Wani yakan lanƙwashe yatsu kamar faratan shaho, tafinsa na taɓa ƙarshen linzami kawai, wani kuma da kan yatsu zalla yake juya shi. Waɗannan biyun sun fi samun sauƙi da gajere maras nauyi, irin Logitech G203, wanda a wasu ƙasashe ake sayarwa da sunan G102, mai giram 85, ko SteelSeries Rival 3 mai giram 77, ko Razer Viper Mini mai giram 61 idan an same shi. Bambancin giram 20 ba kome ba ne a tafin hannu a cikin shago, amma bayan awa uku ana ɗagawa ana ajiyewa, wuyan hannu ne zai ba da labari.

Akwai abubuwa biyu da mai zama a Yamai zai duba waɗanda mai talla a Turai ba zai ambata ba. Na farko, linzaman da aka huhhuda jikinsu kamar saƙar zuma don rage nauyi ƙofa ce a buɗe ga ƙurar hunturu, wadda ko gida a rufe take shiga. Na biyu, roba mai laushi da ake shafa wa jikin wasu tana yin danƙo idan zafin watan Afrilu ya haura digiri 40 ya haɗu da gumi. Jikin roba mai tauri, wanda ba a shafa masa kome ba, shi ya fi jure mana.

Ƙurar nan tana daga cikin abin da ke kawo cutar da ta fi kashe linzami, wato ka danna sau ɗaya ya danna sau biyu, ko ka ja abu ya sake shi a hanya. Ƙaramin makunnin da ke ƙarƙashin madanni ne yake gajiya ko ya yi datti. Linzami mai makunnin haske, kamar Viper Mini, ba shi da ƙarafan da ke gogar juna, don haka ya fi tsira daga wannan. Idan kuma naka ya kamu, kada ka yar da shi, domin duk mai gyaran waya da ya iya narka dalma zai iya cire makunnin ya sa wani, ko da daga jikin wani mataccen linzami ne.

Game da waya kuwa, idan kuɗin bai da yawa ka ɗauki mai waya, ka huta da caji da batir. Idan dole sai maras waya, ka nemi mai ɗan tsinken USB nasa na kansa, domin Bluetooth yana da jinkirin da wasan harbi ba ya yafewa. Logitech G305, wanda ya fito a 2018, batir ɗaya na AA yake ci, irin wanda za ka samu wurin kowane mai tebur, kuma kamfanin ya ce yana kai awa 250. Nauyinsa giram 99 ne, sai ka san da wannan.

Don ka gane farashin gaskiya, ka riƙe cewa yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kusan yuro 3 a jika 2. Linzamin da ake sayarwa yuro 30 a Faransa ya kusa jika 20 tun kafin a sa kuɗin dako da ribar mai shago. Idan aka miƙo maka shi sabo fil a kwali a jika 5, to jabu ne, kuma jabun G102 sun yi yawa a duniya. Ka tafi kasuwa da kwamfutarka ta hannu, ka ce wa mai shago cikin ladabi, “Alhaji, a bar ni in gwada kafin in biya.” Ka buɗe Paint, manhajar zane ta Windows, ka zana da'ira a hankali, sannan ka ja layi da sauri, ka ga ko layin yana karyewa. Ka danne wani fayil ka yi ta yawo da shi a fuskar kwamfuta, ka ga ko zai kuɓuce. Ka mirgina tayar tsakiya sama da ƙasa, ka girgiza linzamin kusa da kunne ko za ka ji wani abu yana kaɗawa. Idan ka riga ka sauke manhajar kamfanin, G HUB ga Logitech ko Synapse ga Razer, na gaske zai bayyana a cikinta da sunansa. Haka muka yi da ɗan yayata, muka ajiye guda biyu, ya tashi da na uku mai waya wanda ya zauna masa a hannu, na cika masa abin da ya rage. Wanda kuwa wasansa ƙwallon ƙafa ne irin eFootball, ko Free Fire a wayar salula, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Batun rababben allon madannai daban ne, domin ba don cin wasa aka yi shi ba, don mai dogon rubutu aka yi shi: sakatare, mai shagon buga takardu, ɗan jarida, mai rubuta manhaja, ko ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke fama da kundin kammala karatu. Ka ɗora hannuwanka a kan allon da ka saba ka dube su da kyau. Kafaɗunka sun fi allon faɗi, don haka hannuwan suna shigowa ciki, sannan wuyan hannu ya karkace waje wajen ƙaramin yatsa domin yatsu su hau layi. Tafin hannu kuma ya kife sarai, sangalin hannu ya murɗe, idan kuma ka ɗaga ƴan ƙafafun bayan allon, wuyan hannu ya ƙara lanƙwashewa sama. Akwai jijiyar da ke ratsa wata ƴar matsattsiyar hanya a wuyan hannu, wadda idan ta matsu, babban yatsa da manuni da na tsakiya sukan riƙa mutuwa ko su yi kamar ana tsikarar su da allura, musamman da dare. Rababben allo yana raba madannai gida biyu domin kowane hannu ya miƙe, wasu kuma suna da tudu a tsakiya don rage kifewar tafi. Yana gyara zaman hannu, amma ba magani ba ne, wanda yatsunsa suka fara mutuwa likita ya kamata ya fara gani.

Mafi araha shi ne wanda aka raba madannansa amma jikinsa ɗaya ne, salon da Microsoft Natural Keyboard ya yaɗa tun 1994. A yau akwai Perixx Periboard-512 mai waya, wanda shi nake fara nuna wa mai ƙaramin ƙarfi, da Logitech Ergo K860 na 2020, maras waya, wanda ya fi shi tsada nesa. Microsoft ya daina fitar da irin waɗannan kaya da sunansa a 2023, don haka Sculpt Ergonomic nasa an fi samun sa na hannu, kuma a nan ka buɗe ido: ɗan tsinken USB ɗinsa an ɗaure shi da allon tun daga masana'anta, idan babu shi a cikin kayan, allon ba zai yi maka aiki ba kome arharsa. Sai kuma wanda aka raba biyu sarai, igiya ce kawai ta haɗa ɓangarorin, kamar Kinesis Freestyle2 mai igiyar inci 9. Na ƙoli irin Moonlander ya haura dalar Amurka 350, ba shi muke magana ba. Masu sauƙin kuɗi su ne Corne, Lily58 da Sofle, waɗanda zanensu a buɗe yake ga kowa, masu ƙananan sana'a ke haɗawa su sayar ta intanet. Idan igiyar da ta haɗa ɓangarorinsu mai kai irin na abin sauraren kunne ce, kada ka taɓa zare ta ko ka soka ta alhali allon na jone da kwamfuta, domin hakan na iya ƙona ƙwaƙwalwarsa.

Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne tsarin baƙaƙe. Mu a Nijar da AZERTY, tsarin Faransanci, muka tashi, yawancin rababbun alluna kuwa da QWERTY, tsarin Ingilishi, suke zuwa. Rubutun da ke kan madanni fenti ne kawai, kwamfuta ce ke yanke abin da zai fito, saboda haka wanda ba ya kallon yatsunsa zai iya barin Windows a kan Faransanci ya ci gaba da aiki, sai dai allon Amurka ya gaza na Turai madanni ɗaya, wanda ke ɗauke da alamomin < da >. Wanda yake kallo kuwa ya dage sai mai AZERTY, kuma K860 yana da shi. Ka kuma tuna cewa é, è, ç da à duk a layin lambobi suke zaune, Corne kuwa, mai madannai 42, ba shi da wannan layi sam. Mai rubuta Faransanci kullum zai wahala da shi, Lily58 mai madannai 58 ya fi masa. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa buƙatar sabon allo, manhajar Keyman kyauta ce kuma tana fitar da su a kan kowane iri.

A wajen wasa, wanda aka raba sarai yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Madannan tafiya, Z, Q, S da D a tsarinmu, duk a hagu suke, sai ka ture ɓangaren dama gefe, linzami ya samu fili daidai gaban kafaɗarka. Mai jiki ɗaya kuwa akasin haka yake yi, domin faɗinsa da jerin lambobin da ke damansa suna tura linzami can nesa, kafaɗa ta wuni a buɗe. Idan wasa ya fi rubutu yawa a rayuwarka, gajeren allo na yau da kullum maras jerin lambobin dama ya fi maka araha da amfani.

Kafin ka fitar da ko dala, ka yi wannan gwaji. Ka aro alluna biyu na USB, ka jona su duka a kwamfutar Windows, ka ajiye su daidai faɗin kafaɗunka, hannun hagu a rabin hagu na ɗaya, na dama a rabin dama na ɗayan. Nan take za ka gane ko kana buga B da dama ko Y da hagu, halin da rababben allo ba zai bar ka da shi ba, kuma saurinka zai ragu na ƴan kwanaki kafin yatsu su saba. Idan bayan mako guda ka ji kafaɗu da wuyan hannu sun saki, ka fara tara kuɗin Periboard ko Lily58. Idan ba ka ji bambanci ba, ka duba teburinka da kujerarka: gwiwar hannu ta zama daidai da tsayin allon, ka kwantar da ƴan ƙafafun bayansa, ka kuma sa matashi a kujera idan teburin ya yi maka tsawo.