Yadda mai cutar Fakinson zai yi amfani da taici don gyara tsayuwa da tafiya

Rawar hannu ce mutane suka fi gani a jikin mai cutar Fakinson, wadda wasu ke kira ciwon makyarkyata, amma abin da ke kayar da shi ƙasa daban ne. Ƙarancin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa yana gajarta taku, yana sandarar da jiki, kuma in mutum ya karkata, ƙafa ba ta hanzarin tare shi. Taici, motsa jikin nan na mutanen Sin da ake yi sannu a hankali, wannan gurbin yake gyarawa, domin ginshiƙinsa shi ne ɗora nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan da gangan.

A 2012 Fuzhong Li da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi kan mutum 195. An raba su gida uku: masu taici, masu atisayen ƙarfafa tsoka, da masu miƙe gaɓoɓi, kowa awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Masu taici sun fi kowa iya karkata jiki ba tare da ƙafa ta gusa ba, faɗuwarsu kuma ta gaza ta masu miƙe gaɓoɓi da kusan kashi biyu cikin uku. Taici ba ya maye gurbin magani, kuma likita ko ma'aikacin fisiyo (mai gyaran motsin jiki a asibiti) ya fara duba mutum kafin a soma.

Lokaci shi ne farko. A yi atisayen sa'ad da maganin cutar mai suna lebodofa, irin su Sinemet ko Madopar, yake aiki a jiki, galibi kamar minti 45 zuwa awa ɗaya bayan sha. Wanda ya yi lokacin da maganin ya sake shi, wahala kawai zai sha. A samu daɓe mai tsabta, a ɗauke tabarma da darduma, a sa takalmi mai rufe diddige, ban da silifa. Kujera mai nauyi a gefe, bango a baya, mutum ɗaya a tsaye kusa.

A tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido yana kallon gaba. A zura nauyi kan ƙafar dama ana ƙirga huɗu har ta ɗauki kusan kashi 70 cikin 100 na jiki, a dakata, a komo tsakiya, a tafi hagu. Sau goma kowane gefe. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne lanƙwasa ƙugu ko sunkuyar da kafaɗa alhali nauyin bai bar tsakiya ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: in ƙafar da aka bari ba ta yi sakayau har za a iya ɗaga diddigenta ba, nauyi bai tafi ba. Daga nan a sa ƙafa ɗaya gaba, a yi irin wannan gaba da baya.

Bayan mako biyu ko uku sai a shigo da taku. Nauyi duka ya koma ƙafar baya tukuna, a ɗaga ta gaba, a sauke diddige, sannan tafin ƙafa, sannan nauyi ya biyo. Kada ƙafafu su hau layi ɗaya. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu. Wannan jerin yana taimakawa wajen rage ɗan gajeren takun nan mai sauri da ke jan mutum gaba kamar ana tura shi. Sai motsin da Sinawa ke kira hannayen gajimare: taku zuwa gefe, hannaye na zagayawa gaban ƙirji, ƙugu na juya su. Yana sassauta sandarewar gangar jiki, wadda ita ke wahalar da juyawa a ɗaki ko a kan gado.

Takun baya a bar shi sai ƙarshe, kuma da hannu a kan kujera, saboda cutar kanta tana jan mutum ya faɗi ta baya.

In ƙafa ta manne da ƙasa, kada mai taimako ya ja hannu, faɗuwa ke biyo baya. A tsaya, a numfasa, a karkata dama da hagu ana ƙirga "ɗaya, biyu" da ƙarfi, sannan a ɗaga ƙafar da ta yi sauƙi a yi babban taku. In jiri ya zo bayan miƙewa, mai yiwuwa awon jini ne ya sauka, abin da cutar da maganinta duka ke jawowa. A zauna, a sha ruwa, a gaya wa likita.

A fara da minti 10 zuwa 15, a riƙa ƙara minti biyar duk mako har a kai awa ɗaya sau biyu a mako. Wanda tsayuwa ta gagara zai yi motsin hannu da juya ƙugu a zaune a bakin kujera, tafin ƙafa biyu a dafe da ƙasa.